Yadda ake gina gida mai shaguna a gaba a sababbin unguwannin Damagaram

Wanda ya daɗe bai zo Damagaram ba, in ya shigo ta hanyar Tanut ko ta Mirya ko ta Matamaye, sai ya yi ta tambayar ina gonakin da ya sani. Gari ya cinye su. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ga jami'a ta tara ɗalibai da malamai, ga kwaltar da aka shimfiɗa lokacin bikin Zinder Sabuwa na 2018, fili a bakin gari ya zama abin da ake rububi. Kuma ginin da kowa ke yi kusan iri ɗaya ne: jerin shaguna a bakin hanya, ƙofar mota a gefe, gidan zama a baya. Dabarar mai kyau ce, domin kuɗin hayar shaguna shi zai riƙa ɗaukar nauyin sauran aikin. Sai dai da yawa suna kwafo hoton gidan da suka gani a waya, na Abuja ko na Dubai, su manta a kan dutse garin nan yake zaune, da rani ruwa ya yi wuya, da damina kuma ya zo da ƙarfi.

Ni ba injiniya ba ne. Na tsaya wa yayana ne a kan gininsa shekara uku, yana can wajen neman kuɗi yana turowa, ni ina nan ina cin ƙura. Abin da na gani shi zan faɗa, bi da bi, yadda ya kamata a bi shi.

Fara da ganin fili cikin Agusta

Dillali ya fi son ya kai ka fili cikin Maris, ƙasa ta bushe, ko'ina ya yi shimfiɗe kamar tabarma. Kada ka biya a lokacin. In da hali ka jira tsakiyar damina, ranar da aka kwana ana ruwa, ka hau kabu-kabu da sassafe ka je ka gani da idonka. Ruwan da Damagaram ke samu a shekara ba shi da yawa, amma mafi yawansa cikin Yuli da Agusta yake sauka, kuma ƙasar da dutse ke ƙarƙashinta ba ta shanye shi da sauri. Duk inda ya samu kwari nan zai kwanta. Damunar 2024 ta koya wa kowa wannan karatu, har tsohon masallacin unguwar Birni da ya haura shekara ɗari da hamsin ya faɗi cikin Satumba.

Filin farko da aka nuna mana mun kusa biya. Allah ya sa na koma ni kaɗai da yamma, na tarar da wani dattijo yana kaɗa awakinsa a gefen wurin. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ruwa yana tsayawa nan kuwa?" Bai ce ƙala ba, sai ya ja ni gindin wata aduwa, ya ɗora sandarsa a jikinta daidai gwiwata. Ga shatin laka nan a bushe, ga tarkacen kara da leda da ruwa ya maƙale a saiwa. Ya ce, "Ɗana, nan tabki ne tun ina yaro. Cike shi aka yi." Ranar na gane cewa tsohon makiyayi ya fi taswira sanin ƙasa.

In ba za ka iya jiran damina ba, ga abin dubawa: ƙasa baƙa mai tsattsagewa alamar makwancin ruwa ce, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini a da aka cike su da shara ba sa ɗaukar tushe, katangar maƙwabta kuma takan nuna iyakar inda ruwa ya kai. Ka sa a haƙa rami ɗaya mai zurfin mita ɗaya da rabi a tsakiyar filin. In an ci karo da dutse kusa, tushen gininka ya samu wurin zama mai kyau, amma ka sani haƙa masai da ramin ruwan wanka zai ci maka kuɗi, don sai an fasa. Ka kuma ɗaga kai ka duba ko manyan wayoyin wuta sun bi ta saman filin. Ƙarƙashinsu ba wurin gini ba ne.

Tunda shaguna kake so, ka zauna a bakin hanyar awa ɗaya da safe, awa ɗaya bayan la'asar, ka ƙirga masu wucewa. Filin kusurwa, mai fuska biyu, ya fi tsada kuma ya cancanci tsadarsa. Kusa da masallacin Juma'a, makaranta, asibiti ko tashar adaidaita, shago ba ya kwana babu mai haya. Can cikin lungu kuwa, komai kyan ƙofa, sai ka shekara kana jira.

Takarda kafin bulo

Nan ne mutane suka fi kuka, don haka nan zan fi daɗewa. Filayen bakin gari iri biyu ne. Akwai wanda hukuma ta riga ta yanka, aka fitar da hanyoyi, kowane fili da lambar rukuninsa da tasa lambar. Shi ne ake ce wa lotisma, takardarsa kuma ita ce takardar mallaka da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, wadda aka fi sani da akt da sesiyo. Akwai kuma gona da mai ita ya yayyanka da kansa yana sayarwa, da takardar shaidar gargajiya kawai. Na biyun ya fi araha, amma ranar da yankan hukuma ya iso wurin, hanya tana iya bi ta tsakiyar ɗakinka, ko a ce wurin makaranta ne ko na kasuwa. Araha ba ta ado.

Ko da an nuna maka takarda mai hatimi, kada ka tsaya nan. Ɗauki kwafinta ka je ofishin filaye na ma'aikatar magajin gari, a buɗe rajista a gabanka, a ga sunan da ke kan lambar ya yi daidai da na mai sayarwa. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, har uku, ba sabon labari ba ne a garin nan. In filin gado ne, ka nemi takardar rabon gado, kuma kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Wanda ba a tambaya ba yau, shi zai kai ka gaban alƙali bayan ka zuba dal, wato rufin kankare. Ka sa mai unguwa cikin shaidu, a rubuta cinikin, in da hali a gaban notar, ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, sannan a juya takardar zuwa sunanka nan da nan. Mutane da yawa suna ajiye takarda da sunan mai fili na farko shekara da shekaru don gudun kuɗin juyawa, sai mutuwa ta gifta, magana ta dagule.

Bayan haka ka ɗauko mai awon ƙasa, jomet, ya nuna maka duwatsun iyaka huɗu da na'urarsa. Kada ka yarda da "daga wannan geza zuwa waccan". Maƙwabci yakan matsa dutse taku ɗaya ko biyu, wani da gangan, wani bisa kuskure. Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda ake nema ta ofishin filaye da kadastir na ma'aikatar haraji. Tana ɗaukar lokaci da kuɗi, amma ita banki ke karɓa jingina, kuma gidan da ke da shaguna dukiya ce da ƴaƴa za su gada, ya kamata a ɗaure ta da igiya mai ƙwari. Sai izinin gini, shi ma daga ma'aikatar magajin gari, da zanen gidan a haɗe. Na san rabin unguwa ba su nema ba. Amma kai da za ka buɗe ƙofofi huɗu a bakin hanya, idon hukuma a kanka yake.

Zane: shaguna su ba gida baya

Mu ɗauki fili mai mita 20 a kan 20, wato murabba'in mita 400, irin wanda aka saba yankawa. Fuskar mita 20 tana ɗaukar shago huɗu masu faɗin mita uku da rabi kowane, zurfi mita huɗu. Da kaurin bango sun ci kamar mita 15. Sauran biyar ɗin ka ba ƙofar mota uku da rabi, abin da ya rage ya zama ƙaramar ƙofar shiga. Kada kwaɗayi ya sa ka matse su su zama shida. Shagon da tela ba zai iya ajiye keke biyu da teburin yanka ba, mai cajin waya kaɗai zai karɓe shi, shi kuma ba ya biyan haya mai kauri.

Ka biya mai zane na gaske, ko da ƙaramin ma'aikacin gine-gine ne, ya zana maka duka gidan tun yanzu, har ɓangaren da ba za ka gina ba sai bayan shekara biyar. Ka gaya masa abu uku. Na ɗaya, bangon bayan shaguna ba taga ba ƙofa zuwa tsakar gida. Iska ta shiga ta ƴan ramuka can sama kusa da rufi, inda ido ba ya kaiwa. Iyali suna tsakar gida suna harkarsu, bai kamata mai sayen sukari ya san abin da aka dafa ba. Na biyu, masu haya su samu makewayinsu daban, mai ƙofa ta waje. Wanda ya manta wannan zai ga samari suna sallama cikin gidansa sau goma a yini. Na uku, a bar zaure. Masu ginin zamani suna yar da shi, su ce falo ya isa, sai baƙo ya zo a rasa inda za a tsayar da shi. Magabatan da suka gina gidajen Birni da Zango ba don ado kawai suka yi zaure ba.

Ka kuma bar baranda a gaban shaguna, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, amma cikin filinka. Kowa yana son ya ɗan ci hanya da rumfar kwano, kuma duk ranar da aka tashi gyaran titi, waɗannan rumfunan ake fara kwashewa.

Sai maganar rana. Dogon bangon ɗakunan kwana ya fuskanci kudu ko arewa, kada yamma. Bangon yamma yana shan rana tun azahar har faɗuwarta, cikin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 sai ya kwana yana amayar da wuta cikin ɗaki. A wannan gefen ka ajiye makewayi, ɗakin ajiya ko matakala. Gabas kuma ta nan hadari ke tasowa, ruwa ya zo a karkace da iska. Ƙofar da ta kalli gabas tana son baranda mai zurfi da dokin ƙofa mai tsayi. Shaguna dai hanya ce ke zaɓa musu alƙibla, ba kai ba. In hanyar ta sa sun kalli yamma, faɗaɗa barandar, ka dasa dogon yaro a gaba, taku huɗu ko biyar daga bango saboda saiwa.

Ruwa, sannan bulo

Kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya, ka gina wurin tara ruwa. Ƙaramin tanki na bulo da aka shafe da siminti, mai ɗaukar tano, wato duro, goma ko fiye, a kusurwar da ba za a yi gini ba. Bayan an gama aiki shi zai zama ma'ajiyar ruwan gida, kuma duk ɗan Damagaram ya san darajar wannan. Ruwan garin nan daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, saboda dutsen da ke ƙarƙashin gari ba ya riƙe ruwa. Shi ya sa kada ka ɗora lissafinka a kan cewa za ka haƙa rijiyar burtsatse. Wani ya dace, wani ya zuba kuɗi ya tarar da dutse busasshe. Sabuwar unguwa kuma sau da yawa bututu bai iso ba, sai ƴan ga-ruwa da masu amalanken shanu.

Lokacin da ya fi dacewa da buga bulo da zuba kankare shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa bai yi tsada ba tukuna, rana ba ta ƙona siminti, ga matasan ƙauye sun shigo cin rani, hannu ya yi yawa. Daga Maris zuwa saukar damina kuɗin bidon ruwa yakan tashi, magini kuma ya fara yi wa ruwa rowa, aikin ya lalace ba ka sani ba.

Ga lissafin da za ka riƙe. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayi 20, guda goma sha biyu da rabi ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango. Shaguna huɗun nan, in tsayinsu mita uku da rabi ne, bangonsu gaba da baya da na tsakani ya kai murabba'in mita 175. A cire ƙofofi, saura kamar 150. Ka ga bulo 1,900 ke nan, ka ce 2,000 saboda masu fashewa. Buhun siminti mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 zuwa 35 na mai rami, lamba 15, wato mai kaurin santimita 15. Wato kana neman kusan tan uku, buhu 60, na bulo kaɗai. Mai bugawa zai ce maka yana iya fitar da 50 a buhu. Gaskiya ne yana iyawa, kuma da farce za ka kankare su.

In saye za ka yi a wurin masu bugawa, gwada kafin a loda. Ɗaga guda ɗaya daidai ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri. Na kirki yakan tsaya, ko ya rabu biyu. Na banza ya watse kamar dawo. Na taɓa yin haka a gaban wani mai bulo, ya ɓata rai ya ce, "Alhaji, ai ba a yi wa kaya haka." Na ce to damina ma haka za ta yi masa. Wanda aka buga a filinka, a shayar da shi safe da yamma kwana bakwai, a lulluɓe da buhu ko kara, kada a ɗora shi a gini sai ya yi mako biyu ko fiye. Siminti ko na Malbaza ne ko wanda ya shigo daga Najeriya, abin dubawa ɗaya ne: kada ya yi gudaji, kada a jibge shi a ƙasa tsirara. Yashi ya zama mai kaifi, ba garin rairayin da iska ta tara ba. Tsakuwa kuwa Allah ya hore mana, dutsen garin nan ake fasawa, mai ƙarfi ce; a dai tankaɗe ƙurar.

Tushe, da tsayin daɓe

Abu ɗaya za ka yanke wa shawara kafin a haƙa tushe: za a hau bene wata rana ko ba za a hau ba? In akwai wannan niyya, ko da shekara goma ce nan gaba, tun yau ake zuba ta a ƙasa, da faɗin gindin poto, wato ginshiƙin kankare, da kaurin ƙarfe, kuma injiniya ne zai lissafa, ba magini ba. Ɗora bene a kan tushen da aka yi don kwano, wannan caca ce da rayukan mutane.

A haƙa har a samu ƙasa mai tauri. Kankaren poto, da na ɗamarar da ke zagaye gini wadda magina ke ce wa shenaj, da na dal, ana zuba buhu bakwai a kowane awo mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wato kilo 350. Ƙarfe kada ya taɓa ƙasa ko katako, a saka masa ƴan duwatsu a ƙarƙashi kankare ya rufe shi ta ko'ina, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi a ɓoye. Ranar ɗaurin ƙarfe ka zo da kanka ka ƙirga sanduna, ka duba lambarsu, wato kaurinsu. Inda zane ya ce lamba 12, kada a sa maka 10.

Daɓen shaguna ya ɗara hanya da aƙalla santimita 60. Zai yi maka kamar ɓarnar ƙasa da bulo. Amma hanyar da kake gani yau ta yashi ce. Ranar da aka zo zuba mata jar ƙasa da kwalta ko aka jera mata fabe, bulon daɓen titi, sai ta tashi sama, gidajen da aka gina daidai da ƙasa su koma rami. Zaga tsofaffin unguwanni ka ga shagunan da ake sauka cikinsu da matakala, da buhunan yashi jere a bakin ƙofa.

Rufi da zafi

Bango ya kai mita uku da rabi. Layi biyu na bulo da za ka ƙara ba su kai kuɗin fanka da za ta yi ta juya iska mai zafi ba. Rufi kuma zaɓi biyu ne. Kwano ya fi sauƙi, amma guguwar farkon damina tana yaye shi kamar murfin tukunya in ba a ɗaure ba. Maganinsa a ɗaure ƙarafan rufi cikin shenaj, a kuma ɗaga bango ya wuce kwanon ta gefe uku ya ɓoye bakinsa, a bar gefe ɗaya na zubar ruwa. A sa silin a ƙasa, a bar ramukan iska tsakaninsa da kwano, da raga saboda jemage. Katako kuwa ka rage shi iya iyawa, gara ba ta da tausayi. Ƙofa da taga na ƙarfe, maƙeran garin nan sun iya.

Dal ya fi tsada, ya fi tsaro ga shago, don ɓarawo ba ya yanka shi. Na shagunanmu murabba'in mita 60 ne, in kaurin ya kai santimita 12 yana cin buhu hamsin da ɗoriya, ban da baranda. Ranar zubawa ba a tsayawa sai an gama, saboda haka komai ya kasance a wurin tun jiya. Mu ruwa ne ya yanke mana ana tsakiyar aiki, wajen ƙarfe ɗaya na rana, mai amalanken da muka yi alkawari da shi bai dawo ba. Na bi unguwa a guje ina tare ƴan ga-ruwa ɗaya ɗaya, ina biyan duk abin da suka faɗa, shugaban magina yana ta kira, "Maigida, zai daskare fa!" Inda aka tsaya ɗin nan, har yau in an yi ruwa mai yawa sai ya yi gumi. Bayan zubawa a tare bakin dal da yashi a kwantar da ruwa a kai mako guda, kada a cire tokara kafin kwana 21. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A ba saman ɗan gangare zuwa indararo masu tsawo, kuma su zuba waje ko cikin tankinka, ba gidan maƙwabci ba. Farin fenti ko farar ƙasa a saman rufi yana rage zafi fiye da yadda za ka zata.

Yanzu yayin gilashi ake, fuskar shago duka gilashi mai shuɗi, da faranti masu ƙyalli a manne a bango. Kantin magani ko wurin aika kuɗi da ke da na'urar sanyaya ɗaki suna iya ɗaukar wannan. Ga sauran, gilashi tanda ce da rani, da hunturu kuma kullum sai an goge ƙura. Ni da za a bi tawa, kuɗin a zuba su a shafe mai kyau, a nemo mai zanen bango irin na gidajen Birni ya yi wa saman ƙofar gida ado da siminti. Akwai masu wannan hannun har yanzu. Ɗakunan baya ma ba dole sai bulon siminti ba: tubalin ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti ya fi sanyi nesa ba kusa ba, muddin an ɗaga masa tushe an kare shi daga ruwan gabas.

Magini, wuta, da masu haya

Kada ka ba magini kuɗin kaya da na aiki a dunƙule. Kai ka sayi kaya, shi ka yi jinga da shi mataki mataki: tushe, bango zuwa shenaj, rufi, shafe. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kuma ko da yaushe aikinsa ya riga kuɗinka gaba. Siminti a ɗaki mai kwaɗo, da maigadi. Buhu goma suka fita da safe, fanko goma za a nuna maka da yamma. In mai kuɗin yana waje kamar yayana, ka tura masa hoto da lissafi kowace Juma'a ko bai tambaya ba. Zumunci da yawa ya mutu a kan gini.

Bututun wayar wuta a binne shi kafin shafe. Kowane shago da kontarsa, wato mitar wuta, daga kamfanin lantarki NIGELEC, in an samu irin wadda ake sa wa kuɗi tun gaba ta fi. Konta ɗaya ga mutum huɗu rigima ce duk wata: mai firiji ya ce mai aski ne, mai aski ya ce tela ne da dutsen guga. Ka bar hanyar waya zuwa saman rufi don farantan hasken rana, ko ba yanzu ba. Ramin masai kuma ya yi nisa da tankin ruwa, mita 15 in fili ya ba da dama, kuma inda motar kwasa za ta iya kaiwa.

Da shaguna sun samu ƙofa, sa masu haya, kada ka jira gida. Amma ka zaɓa. Injin niƙa yana girgiza bango ya hana jariri barci. Mai walda yana jan wuta yana watsa tartsatsi. Mai sayar da man ruwa-ruwa a kwalabe, ko nawa zai biya, kada ka haɗa shi da ɗakin da ƴaƴanka ke kwana. Mai kayan masarufi, tela, mai gyaran waya, mai sayar da littattafan makaranta, waɗannan su ne maƙwabtan zama. A rubuta yarjejeniya: nawa ne a wata, ran nawa ake biya, wa zai gyara abin da ya lalace, wata nawa za a ba da sanarwa kafin tashi, kuma ba a fasa bango ko ƙara rumfa sai da izininka. Patanti, wato harajin sana'a, na mai haya ne, harajin gini naka ne. Ka je ma'aikatar haraji ka ji abin da ke kanka tun kafin su zo.

Kuɗin hayar ka ware musu wuri daban, kada su shiga cefane. Duk wata uku ka mayar da su siminti da ƙarfe, ka buga bulo a ajiye, bulo ba ya ruɓewa. Ƙarafan da aka bari tsaye a saman dal don ginin gaba kuma, a shafa musu ruwan siminti a rufe su da ɗan kankare mara ƙarfi wanda za a iya fasawa daga baya. Namu mun bar su tsirara damina biyu, da muka tashi ci gaba sai da aka kankare tsatsa yini guda cur, huɗu daga ciki ma sai da aka yi musu ƙari.